Rigimar gajeren wando a wajen aiki in zafi ya zo

Da zarar hunturu ya ɗauke ƙafa aka shiga Maris to rigimar wando ta tashi kenan a wajen aiki. Ni dai wayarin nake yi da haɗa sola a nan Kano, yawancin yinina ko ina kan kwano ko ina cikin silin ko kuma ina sassaƙa bango a wani kango da ko taga ba a saka ba, kuma kowa ya san yadda garin nan yake a Afrilu, ma'aunin zafi ya taɓa 40 ba labari bane, mutanen Sakkwato da Maiduguri da Yamai kuwa nasu ma ya fi namu. Yaran da nake aiki da su kullum maganarsu ɗaya, Oga ka bari mu dinga saka gajeren wando mana, wallahi jins ɗin nan dafa mu yake. A maganar jins suna da gaskiya, mai kaurin nan in ya sha zufa sai ya manne a cinya ya yi nauyi, ka tsuguna ya matse ka, da yamma ka cire ka ga farin gishiri ya zana taswira a jiki. Amma wandon da suke so su koma, wato na ƙwallo ɗin nan na roba mai tsayawa tsakiyar cinya, a sana'armu babu abin da ya kai shi muni.

A waya suke ganin abin. Bidiyon masu aikin hannu na Ostiraliya ya cika TikTok da YouTube, zakaga ƙaton kafinta da ɗan guntun wando da ƙaton but da safa yana yawo a kan rufi abinsa. Su can al'adarsu ce da ta daɗe, kamfanin kayan aiki irin KingGee tun 1926 aka kafa shi a Sidni, sannan a 1972 aka fito da wani ɗan guntun wando mai suna Stubbies wanda ya zama kamar yunifom ɗin magina da direbobin manyan motoci a ƙasar. Abin da yaran nan ba su sani ba shine su kansu masu abin sun fara ja da baya, saboda Ostiraliya tana cikin ƙasashen da suka fi kowa fama da sankarar fata a duniya, rana ce ke jawo ta, shiyasa yanzu manyan wuraren gini da wuraren haƙar ma'adinai da yawa a can sai da dogon wando da riga mai dogon hannu ake barin ka shiga. Mu baƙar fata tana ɗan kare mu daga wannan, ban da 'yan uwanmu zabiya, su kam ko kusa bai kamata su bar fata a buɗe a rana ba, in kana da yaro zabiya a wajen aikinka ka sama masa aikin inuwa da hula mai faɗi don Allah. A Ingila kuma hukumar da ke kula da lafiyar ma'aikata ba ta hana gajeren wando da doka ba, mai sayit ne yake yanke hukunci gwargwadon hatsarin aikin, kuma da yawansu hanawa suke. Rigimar ma ba ta magina kaɗai bace, a 2013 direbobin jirgin ƙasa maza a Stockholm babban birnin Suwidin da aka hana su gajeren wando lokacin zafi sai suka zo aiki da siket tunda dokar yunifom ɗin ba ta hana siket ba, daga baya dole aka sassauta musu.

To mu dawo gida. Abu na farko da nake gaya wa yara shine zafinmu na bazara ba irin wanda tuɓewa ke magani bane. Fatar mutum zafinta bai wuce 33 zuwa 35 ba, in iskar gari ta haura haka to iskar da ke kaɗa ka ma zafi take ƙara maka, ga rana tana dukan fatar kai tsaye, abu ɗaya da ya rage yana sanyaya jiki shine zufa ta fito ta bushe. Tufa mai yalwa mara nauyi tana tare maka rana kuma iska na zagayawa a ciki zufar na bushewa a hankali. Ka dubi Buzayen Agadas, mutum a tsakiyar sahara amma ya naɗe tun daga kai har ƙafa, ai ba hauka suke ba. Har bincike aka yi a kan Larabawan ƙauye masu saka baƙar riga a hamadar Negev ta kudancin Isra'ila, aka buga a mujallar kimiyya ta Nature a 1980, aka ga zafin da ke isa jikin mutum kusan ɗaya ne ko baƙar riga ya saka ko fara in dai mai yalwa ce iska na wucewa. Yalwar ita ce maganar. Inda gajeren wando yake da rana sosai shine zafin da ke da danshi, irin na Legas da Fatakwal ko namu na nan in damina ta kusa faɗuwa gari ya yi ɗumi zufa ta ƙi bushewa, musamman in aikin cikin gini ne ba rana a kanka. Nan kam duk wani yadi da ka rage a jiki sauƙi ne.

Sai maganar kwano. Wanda bai taɓa ɗora gwiwa a kan kwanon rufi da ƙarfe ɗaya na rana ba ba zai gane ba, kwano a rana yana haura 60, kamar kaskon suya yake, kuma haɗa sola duk aikin durƙuso ne, ka ɗaure ƙarfen da fanel zai zauna, ka ja waya, ka ɗaure kusoshi, duk a gwiwa. Ga bakin kwano da kaifi, ga kan ƙusa. Cikin silin kuma inda ya fi ko'ina zafi, inda mutum yake jin kamar ya tuɓe gaba ɗaya, nan ne ƙusoshin kafinta suke leƙowa ta ko'ina kana rarrafe a kan katako cikin duhu da tocilan a baki. Duk tabon da ke ƙafar mai wayarin in ka duba daga gwiwa ne zuwa ƙwauri.

Kuma kowa da kiwon da ya karɓe shi, ba zan ce duk sana'a hukuncinta ɗaya ba. Mai fenti da ke cikin ɗaki, mai POP, fulamba da ke haɗa fayif a banɗaki, kafinta da ke benci a inuwa, waɗannan in sun rage tsawon wando ba wata asara. Mai walda kuwa ko da wasa, tartsatsi ba ya tambaya, kuma hasken waldar kansa yana ƙona fata kamar yadda rana ke yi, dogon wando na auduga mai kauri ya sauko ya rufe bakin takalmi don kar tartsatsi ya faɗa ciki, kuma kar a naɗe ƙafar wandon don a cikin naɗin wuta ke maƙalewa. Maƙeranmu na da ai sun san wannan, shiyasa suke ɗaura walki na fata. Mai yankan rodi da giranda shi ma haka, masu zuba kwalta haka. Mu masu wuta damuwarmu yadin roba ne, in waya ta yi tartsatsi ko batir ya haɗu auduga za ta ƙone ne ta zama toka, roba kuwa narkewa take ta manne a fata, a asibiti sai an ɓanɓare ta da naman. Wannan kaɗai ya isa in hana wandon ƙwallo.

Wanda abin ya fi ɗaure min kai a kansu su ne leburorin kwaɓa siminti da masu zubin dekin, don su ne suka fi kowa saka gajeren wando kuma su ne siminti ke ci. Jiƙaƙƙen siminti yana da kaifi irin na soda, a ma'aunin pH yana kai 12 zuwa 13, kuma muguntarsa ba ya zafi a lokacin, kana aiki kana raha, sai dare ko washegari ka ga fata ta yi ja ta saɓule, wani har rami. Ranar dekin zakaga samari suna hawa da sauka da kwanon sarki a ka, ruwan kankare na zubo musu a wuya da ƙafa, wani ya naɗe ƙafa da buhun siminti da leda, wani ya shafe ƙwauri da baƙin mai wai kariya, alhali baƙin man shi ma cuta ne a fata. Amma a nan sai an yi adalci, dogon wando ma ba ya ceton su, in ya jiƙe da ruwan siminti ya manne a ƙafa tun safe har la'asar to ya fi gajeren illa, don shi mai gajeren ko ba komai zai watsa ruwa ya wanke. Haka rambut, yana da kyau matuƙa amma in kankare ya faɗa ciki ka ci gaba da tafiya a kai to idon sawunka ne zai biya. Abin da ya dace da su shine rambut mai tsawo, wando ya sauko ta samansa ba a cusa shi ciki ba, da durom na ruwa mai tsabta a kusa wanda ba na kwaɓi ba, duk wanda abu ya zubo masa ya wanke nan take. Masu tayil da masu fulo da ke durƙusawa a kan danyen siminti su kuma sai da abin gwiwa wanda ruwa ba ya ratsawa. Ɗan kwangilar da zai iya sayen tirela guda ta siminti amma ya kasa sayen rambut goma, wannan ba rashin kuɗi bane.

Yanzu ga inda namu ya bambanta da na Turawa gaba ɗaya. Mu tun muna yara a Ahalari aka karantar da mu al'aurar namiji daga cibiya ce zuwa gwiwa, kuma azahar da la'asar duk a wajen aiki suke riskarmu. Mai guntun wando sai ya nemi inda zai canza, ko ya ari zani ko buhu ya ɗaura, ko ya ce bari sai na koma gida, daga nan kuma sallah ta fara haɗuwa. Sannan rabin aikinmu a gidajen mutane ne da iyali a ciki, maigida ya yi maka sallama da matansa ya ce ga mai gyaran wuta zai shigo, kai kuma ka hau tsani a tsakar gida da cinya a waje? Ba za a ce maka komai ba, Hajiya za ta sa a kawo maka ruwan sanyi ma, amma ba za a sake kiranka ba kuma ba za a ba wani lambarka ba. A idon mutanenmu ma gajeren wando kayan ɗan firamare ne da 'yan sandan zamanin Turawa, babban mutum da gemunsa in ya saka sai a dinga kallonsa.

Shiyasa ni inda na tsaya shine tiri kwata. Wando mai yalwa da ya wuce gwiwa da kamar tafin hannu ko fiye, yadda ko ka durƙusa ko ka yi ruku'u gwiwa na rufe, ƙasan kuma a buɗe iska na shiga. Ka samu iskar da kake nema, gwiwarka ta tsira daga kwano da tsakuwa, ka yi alwala ba sai ka naɗe komai ba, ka yi sallarka in dai ba najasa, kuma a garin da ɗangalallen wando ba baƙon abu bane ba wanda zai kalle ka sau biyu. Abin mamaki Turawan arewacin Turai ma sun iso nan ta wata hanyar. Akwai kamfanin Snickers Workwear na Suwidin, wani mai aikin wuta ne irina, Matti Viio, ya kafa shi a 1975 don ya gaji da kayan aikin da ba su dace da aikin ba, su da irinsu Blåkläder suna yin wandon zafi mai tsayawa ƙasan gwiwa takanas saboda a samu inda za a ɗinka aljihun da ake zura soson kare gwiwa. Gajere sosai ba shi da wajen wannan aljihun, ka ga kenan duk mai aikin durƙuso dole ya dawo tiri kwata ko yana sallah ko ba ya yi.

Sabo ɗan kanti daga waje kam kuɗinsa ba na yaron shago bane, da canjin dala na yanzu ma ba na Oga bane. Hanya biyu ce, gwanjo ko tela.

Gwanjo in ka je Kofar Wambai ranar da aka fasa dila kana iya dacewa da wandunan aiki na gaske, Dickies ko Carhartt ko na Turai masu aljihu kala kala, mai kayan ma wani lokacin bai san darajarsu ba. Amma ka dinga taɓa yadin. Shahararren yadin Carhartt ɗin nan mai tauri kamar tamfol nauyinsa ya kai giram 400 a murabba'in mita, don sanyin Amurka aka yi shi, a Afrilun Kano azaba ce ko da an yanke shi. Na zafi ana so ya zama kusan rabin haka ko sama kaɗan. Ka duba ɗan ƙyallen da ke ciki, wandunan Dickies da yawa roba 65 ne auduga 35, suna da ƙarko suna saurin bushewa, ga mai fenti ko fulamba ba laifi, ga mai wuta da mai walda a'a. In ƙyallen ya goge ka zare zare ɗaya ka kusanta shi da ashana, auduga za ta ci ta bar toka mai laushi da warin takarda, roba za ta dunƙule ta yi ɗan ƙwallo mai tauri. Akwai wani yadi mai ɗan zanen gida gida ƙanana a saƙarsa, an yi shi ne yadda in ƙusa ta kama ba zai yage ya tafi ba, ga shi ba nauyi, in ka samu na auduga ka riƙe shi da kyau. Sai dai kashedi, irin wannan yadin yawanci da zanen kakin soja yake zuwa kuma dilar gwanjo cike take da su, kar ka kuskura, a Najeriya farar hula da kayan soja neman fitina ne, ka haɗu da su a shingen hanya ka yi tsallen kwaɗo a banza saboda wandon aiki.

Ni na fi son tela. Ka shiga Kantin Kwari ka yanki kaki na auduga mai matsakaicin kauri, ruwan ƙasa ko toka, fari yana saurin dauɗa baƙi kuma in ya ɗan matse yana ɗaukar zafi, ka jiƙa shi ya kwana ya gama shan ruwansa kafin a yanka in ba haka ba wanki ɗaya tiri kwata ya koma gajere. Sai ka zauna da telan ka yi masa bayani don in ka bar shi wandon gayu zai ɗinka maka. Hantsa ita ce farko, a saka mata ƙyalle a tsakiya ta yi yalwa yadda telolinmu na da suke yi wa wandon gargajiya, duk wandon aikin da ya mutu ta hantsa yake fara yagewa ranar da ka buɗa ƙafa za ka haura tsani, kamfanonin waje ma yanzu da wannan ƙyallen suke tallan nasu kamar wani sabon abu. Bayan wandon ya ɗan fi gaban tsawo saboda in ka sunkuya kar ya zame ya bar ka a buɗe, wannan ma ai al'aura ce kuma an fi ganinta a sayit fiye da cinya. Gwiwa a ninka yadi biyu a bar baki ta ƙasa yadda za ka zura soso ko yankakken tsohon silifas ka cire in za a wanke. Ɗinki biyu a ko'ina, bakin aljihu a maimaita. Ƙugu kuma ni na fi son zariya haɗe da madaukan bel, zariya don ranar da ba ka ɗauki kaya ba, bel don ranar da tef da filaya suke ja ƙasa.

Aljihu kar a cika. Yara suna son wando mai aljihu takwas don ya yi kama da na bidiyo, amma kowane aljihu ƙarin yadi ne a kan cinya, ƙarin zafi kenan, kuma in ka cika su da kusoshi suna dukan ƙafa kana tafiya. Biyu na gaba masu zurfi, ɗaya a gefe mai murfi ko zif na waya don kar ta faɗo daga kan rufi, siriri ɗaya na tasta da sukundireba, ya isa. Sauran kaya a jakar ƙugu wacce za ka iya kwancewa ka ajiye in za ka huta.

Kuma a ɗinka biyu ko uku. Wandon da ya sha zufa jiya aka rataye shi a kango aka sake sakawa yau shi ke kawo ƙurajen zafi da ƙaiƙayin matsematsi da yara ke jin kunyar faɗa, ga shi da zafin nan in ka wanke da magariba kafin ka kwanta ya bushe.

Duk da haka akwai ranakun da ba wandon da zai yi maka komai. Ku tuna ƙarshen Maris zuwa farkon Afrilun 2024, ana cikin azumi, a garin Kayes na Mali zafi ya kai 48.5, mutane da yawa suka mutu a yankin, mu ma nan mun ji a jikinmu. Ƙasashen Larabawa inda 'yan uwanmu da yawa ke aikin gini doka suka yi a kai, a Saudiyya an hana aiki a rana daga 12 zuwa 3 tun daga 15 ga Yuni har 15 ga Satumba, Ƙatar kuma tun 2021 nata daga 10 na safe ne zuwa 3 da rabi, daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. Mu a nan Oga ne dokar. Ni a bazara aikin kan kwano daga an idar da asuba gari ya waye ne zuwa wajen 11, sai mu sauko mu yi na ƙasa, haɗa inbata da batir da allon fiyus, in akwai saura a sama sai bayan la'asar. Masu gida wasu suna ƙorafi wai muna ja musu aiki, ina ba su haƙuri ne kawai. Ruwa kuma abin da hukumomin lafiyar ma'aikata na Amurka ke cewa kofi ɗaya duk minti 15 zuwa 20, a lissafinmu kusan fiya wata ɗaya da rabi zuwa biyu kenan a awa, ba wai ka jira sai ƙishi ya kama ka ka shanye biyar a tashi ɗaya ba. Sabon yaro ko wanda ya dawo daga jinya ba na hawar da shi rufi a kwanakin farko sai jikinsa ya saba, kuma duk wanda na ga ya fara magana ba kan gado ko yana tangaɗi to aiki ya tsaya, a kai shi inuwa a jiƙa shi da ruwa a yi masa fifita a nemi abin hawa zuwa asibiti, ba a cewa bari ya ɗan huta mu gani. Da azumi kuwa aikin rufi in ba dole ba ina ɗaga shi zuwa bayan sallah, wanda ya matsu sai mu yi masa da sassafe kwana biyu maimakon yini ɗaya, kuɗin aikin dai ɗaya ne.